Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Bututu Biyu

Mutanen Zongo sun san ni da faɗa, kuma ba zan musa ba. In ka tambayi matan layinmu ina mai gyaran firij take, kafin su nuna maka ƙofa sai sun ce, "Ka shiga da sallama, ka fito da hanzari." To, su yi ta faɗa. Abin da ba sa faɗa shi ne da ba haka nake ba. Faɗan nan a wani lungu na koyo shi, bayan luzin ɗin kawuna, a wani azumi da ya faɗo tsakiyar zafi, kafin ruwan damina ya sauka a Lome.

Luzin muke ce wa masana'anta a nan. Ta Kawu ƙarama ce, ta yawur, nonon nan mai kauri da ake zubawa a 'yan robobi, tana bakin hanyar da ta fita daga Zongo ta nufi cikin Agoè. Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi rabin rayuwarsa yana dillancin shanu a kara, da ya gaji sai ya tattara abin da ya mallaka ya sayo tsofaffin injuna daga wata masana'anta da ta rufe a wajen tashar jiragen ruwa. Ni kuwa karatun sanyi na yi a makarantar koyon sana'a, da Faransanci, cikin maza, har ana yi wa Inna jaje a gidan biki wai 'yarta ta zama bakanike. Ranar da aka sauke injunan Kawu ya aika aka kira ni. Na same shi a tsakiyarsu ya riƙe ƙugu, ya ce, "'Yata, ga su nan. Ni saniya na sani, in na buɗe bakinta na san shekarunta. Waɗannan ban san kansu ba ban san gindinsu ba. Zo ki riƙe min."

Na riƙe masa, amma daga baya ba don shi kaɗai nake riƙon ba. Wanda ke rarraba kayan a babur mai ƙafa uku, daga shagunan Zongo har Cacavéli, shi ya zama maigidana. Kafin nan zemijan ya yi, acaɓar nan ta Lome, shekaru yana shaƙar hayaƙi yana shan zagin fasinja har bayansa ya fara ciwo. Abokan da suka tashi tare yawancinsu sun bi hanyar Agadas sun tsallaka Libiya. Wasu suna aiko hotuna sun yi ƙiba, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Tun kafin a ɗaura mana aure ya gaya min, ba da barazana ba, kamar yadda mutum zai ce maka gobe Juma'a: "In aikin nan na kawunki ya mutu, ba zan koma kan zemijan ba. Arewa zan yi." Na san wanda na aura, ba ya maimaita magana kuma ba ya janye ta. Muka haifi 'ya mace, maganar tana nan inda ya ajiye ta. Saboda haka kullum da safe in na shiga ɗakin injuna na ɗora tafin hannuna a kan injin sanyi, na san muddin yana juyawa yarinyar nan tana da uba a gida.

Bari in faɗi yadda aikin yake, don duk abin da ya same ni daga nan ya fito. Yawur yana son zafi yana son sanyi, amma ba a lokaci ɗaya ba. Da farko ana so madara ta zauna da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, har ta kama ta yi kauri. Da ta kama, dole a sanyaya ta maza-maza, in ba haka ba tsami ya yi ta hawa har ta lalace. Tukunyar da ake zuba madarar tana da riga biyu, a tsakaninsu ruwa ke zagayawa. Ba ruwa zalla ba ne, ana haɗa shi da wani sinadari mai suna gilikol, wanda ke hana shi daskarewa ko da ya fi ƙanƙara sanyi. Hanya biyu ce. Ɗaya ta fito daga tukunyar wuta da zafinta, ta zagaya ta koma. Ɗaya ta fito daga injin sanyi, ta zagaya ta koma. Duk aikina shi ne kada waɗannan biyun su gaisa.

Zafi kuwa ba ya jin kunya. Duk inda ya hango sanyi can zai nufa, kuma ba sai ruwan ya gauraya ba. In bawul, makullin nan na bututu, bai rufu ruf ba, ta nan zai bi. In an kashe injin tura ruwa, ruwan zafi da kansa yake hawa sama ya lallaɓa cikin hanyar sanyi, shi ya sa na lanƙwasa bututun ƙasa kafin mahaɗa, na sa masa bawul mai buɗewa gefe ɗaya kawai. In ƙarfe ɗaya ya riƙe bututun biyu a bango, ta cikin ƙarfen zai wuce, sai na cire na ɗora kowanne a kan katakonsa. Sannan na naɗe kowanne da baƙin soso mai kauri, na bi da gam na liƙe duk wata kafa. Iskar Lome jiƙaƙƙiya ce, teku na kusa. Da ta taɓa bututun sanyi sai ya fara zufa, zufar ta shige soson, jiƙaƙƙen soso kuwa ba ya tare komai. Makonni na yi a durƙushe ina wannan liƙi, yatsuna duk gam, ko lalle ba ya kama su.

Zuciyar injin sanyi ita ce kompuresa. Namu tsoho ne, ɗaya tilo, irinsa ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Ƙa'idarsa ya yi aiki ya sanyaya ruwan, ya tsaya ya huta, in ruwan ya fara ɗumi ya sake tashi. Hutun nan ke raya shi. In zafi yana satar hanya yana shiga ruwan sanyi, ba zai taɓa ganin aikinsa ya kammala ba, haka zai yi ta gudu har ya ƙone. Na gaya wa Kawu wannan tun farko, ya ce ya ji, ya ce Allah ya tsare.

Wuri ɗaya ne hankalina bai taɓa kwanciya da shi ba. A bayan ginin akwai wani siririn lungu inda bututun biyu suka fito waje suka bi jikin bango tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafin hannu ba. Lungun ya ɓulle daidai ƙofar wani ɗan masallacin unguwa, inda ma'aikatanmu ke salla. Shekaru ba wanda ya kula da shi sai kaji.

Azumin shekarar nan ya zo da zafi mai sa mutum ya manta sunan ɗansa. Wuta kuma sai ta riƙa ɗaukewa a unguwa. Mu a luzin muna da janareto, gidaje ba su da shi. Masu sayar da ƙanƙara kafin la'asar sun ƙarar, mutum ya wuni da ƙishirwa ya zo buɗa baki da ruwa kamar na wankan jego. Ban san wanda ya fara ba, har yau. Wata safiya ina zagaye na ga an tsaga soson bututun sanyi da reza, tsaga a miƙe, ta mutum mai natsuwa. Na buɗa, sai ga shatin gora a ciki, soson ya jiƙe sharkaf. Na yi tsaki, na yanke wurin, na sa sabo na liƙe. Washegari tsagar ta haihu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kafin mako ya zagayo lungun nan ya zama kasuwa. Gorunan zoɓo, na lamurje, na kunun aya, ruwan leda, kowa da alamarsa a wuyan gorarsa, wani zare wani tsumma.

Da soson ya yayyage ya daina riƙe gorunan, sai dabara ta zo. Duk wanda ya tashi a Nijar ko Mali ko arewacin Najeriya ya san in kana son ruwa ya yi sanyi, ka naɗe gora da jiƙaƙƙen buhu ka rataye a iska. Gaskiya ne, a can yana aiki, kakanninmu ba wawaye ba ne. To, sai suka samo buhunan algarara suka jiƙa, suka lulluɓe gorunan, suka zagayo da buhun ta bayan bututun zafi ma, tunda shi ne abin da za a ɗaure a jiki, suka ɗaure tamau da robar tayar babur. Wani mai basira kuma ya lura ɗaya bututun yana da ɗumi, ya ɓare nasa soson, ya gitta fallen kwano a kan duka biyun ya zama kanta. Gefe guda kwanukan koko da ƙosai su zauna da zafinsu, gefe guda goruna su yi sanyi. Innalillahi! Da na ga fallen kwanon nan sai da na dafa bango. Abin da na yi makonni ina rabawa sun ɗaura masa aure da buhu da ƙarfe, kuma ana zuba wa buhun ruwa safe da rana don kada ya bushe.

Na fara da ladanin masallacin, wani tsoho Bazabarme mai laushin murya wanda tun ina ƙarama yake ba ni dabino. Shi ke gadin gorunan kada a musanya. Na rusuna na gaishe shi, na yi masa ya ibada, sannan na ce, "Baba, abin nan zai kashe injin." Na yi masa bayani a hankali, har da zane a ƙasa da tsinke. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Sai ya ɗora hannunsa a kan bututun ya ce, "Ɗiyata, taɓa ki ji. Tun farkon wata muke ɗiba, ya ragu? Ga shi nan yana ta wucewa, mu sha ko kada mu sha. Allah ya haɗa mana randa da murhu a bango ɗaya, mu ce ba ma so?"

Na ce, "Baba, ba a nan yake raguwa ba. A ciki yake raguwa, a jikin injin."

Ya yi min murmushin da ake yi wa yaro mai tsoron dodo, ya ce Allah ya yi min albarka.

Na wuce wurin Kawu. Ban je hannu sake ba, na je da mafita. Na ce ya ba ni wuni ɗaya in tsayar da injin, in ja ɗan reshe daga bututun sanyi in haɗa wa mutane akwati nasu na musamman, a rufe, nesa da na zafi, kowa ya sa gorarsa ba tare da an cuci injin ba. Ya ce, "A azumi? Watan da ko me muka yi kafin magariba ya ƙare? Bari sai bayan salla." Na ce to a cire buhun da kwanon kafin nan. Sai ya dubi masallacin, ya rage murya.

"'Yata, kin san shekara nawa na yi a kara ina rantsuwa a kan shanun da ban san lafiyarsu ba? Bakin nan nawa ya ɗauki kaya. Yanzu in an idar da magariba tsofaffi suna ɗaga hannu suna ambatona da alheri, ni, dillali. Allah ya buɗe min hanyar wanke bakina, ki ce in toshe?"

Na ce, "Kawu, in ya ƙone babu wani."

Ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Injin da ake shayar da masu azumi da shi, Allah ba zai bari ya ƙone ba." Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, idonsa har da ƙwalla. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Na fito ina jin kamar in kurma ihu.

Wanda ya fi ƙona min rai a gida yake. Ashe maigidana ne babban direban gorunan. In ya sauke kaya da hantsi, akwatin baburinsa ba ya dawowa wayam, sai ya bi gidajen tsofaffi da marasa lafiya da matan da mazansu ke Libiya, ya karɓo gorunansu ya cusa a lungun. Kafin magariba ya kwaso ya bi gida gida ya mayar. Yara na bin baburinsa da gudu. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na watan nan ba, kuma wannan ma ciwo ne. Kullum kuma akwai gora ɗaya da yake shigowa da ita gida, ta lamurje mai yaji irin wanda nake so, ya ɗaure wuyanta da ƙyallen wani tsohon zanena mai ruwan ganye. Sai ya dire ta a gabana tana raɓa, ya ce, "Uwar sanyi, ga naki."

Na ce, "Ɗauke min ita daga nan."

"Haba, ko kurɓi ɗaya?"

"Malam, kowace gora ka cusa a lungun nan, tafiyarka kake matsowa da ita. Kai ka ce min in aikin ya mutu arewa za ka yi. Da bakinka ka faɗa."

Ya yi dariya ya ce, "Tafiya da zama duk na Allah ne. Sha, kada ya yi ɗumi." Sai in jawo kofina in kamfaci ruwan randar roba mai ɗumi, in yi bismilla in sha a gabansa ina kallon cikin idonsa. Shi kuma ya miƙa wa maƙwabciya gorar ta katanga, ya ce a dawo masa da ita. Washegari ya sake kawowa. Haka muka yi ta yi, shi bai fasa ba, ni ban sha ba.

Da na ga magana ba ta ci, sai na sa mai walda ya yi wa lungun ƙofar waya, na kwashe buhunan na watsar, na sa kwaɗo. Wuni ɗaya ƙofar ta yi a rufe. Kafin isha mata sun cika ɗakin Inna, wai 'yarta mai karatun Nasara ta hana masu azumi ruwa. Inna ta aiko aka kira ni, na same ta tana kuka da majina, tana cewa, "Me na yi miki da za ki sa a riƙa nuna ni da baki a Zongo? Ruwa fa! A azumi!" Na buɗe baki zan yi mata bayanin kompuresa, sai na ji yadda kalmar za ta fito a ɗakin nan, na rufe bakina. Da safe na tarar Kawu ya sa an fasa kwaɗon. An kawo sababbin buhuna, sun fi na da kauri.

Daga nan sai na koma mai jinya. Injin ya daina hutawa. Da can in ina ɗakin ina jin sa'ad da zai tsaya, ɗakin ya yi tsit, in ji kukan kaji a waje. Yanzu babu tsit. Muryarsa ta canza ta koma gurnani, kansa ya yi zafin da hannu ba ya iya zama a kai. Na kawo fanka daga gida na kafa masa, na wanke masa haƙarƙari, na canza mai. Kowace safiya in je lungun in cire fallen kwanon, kafin azahar an mayar. Ɗaya gefen ma bai tsira ba, domin sanyi na cinye ɗumin madara, tukunyar wuta na ta shan gas, madara ta ƙi kamawa a kan lokaci. In ta kama kuma ba ta samun sanyin da zai tsayar da tsami. Robobi suka fara kumbura a shaguna, masu shagunan Cacavéli suka fara dawo da kaya. Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya san haka, sai dai kowa da inda ya nemi dalili. Aka ce matan Fulani ne ke kawo madarar kwana. Aka ce hassada ce, Kawu ya sa aka yi rubutu aka yayyafa a ƙofar ɗakin injuna. Ni da nake nuna musu dalilin da yatsa, ga shi a bango a naɗe da buhu, ba wanda ya dubi inda nake nunawa.

A cikin goman ƙarshe ya mutu, da la'asar sakaliya. Ina tsaye a gabansa. Gurnanin ya yi sama, wutar ɗakin ta yi ƙasa ta dawo, sai na ji ƙaurin ƙonanniyar waya, warin da duk mai aikinmu ya sani kuma ba ya so ya ji. Sai tsit. Na jira ko zai tashi, ko da yake na san ba zai tashi ba. Na zauna a ƙasa cikin mai da ruwa.

Ta tagar ɗakin ina jin lungun. Lokacin kwasar goruna ya yi, mutane sun taru, ana raha, ana "wannan tawa ce, mai jan zare". Ruwan da ke cikin bututun bai riga ya yi ɗumi ba, gorunan da sanyinsu. Na ji muryar Baba ladan yana cewa, "Allah ya ƙara wa injin nan lafiya, ya saka wa mai shi da aljanna." Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, ban san dalili ba, sai kuka ya ƙwace min.

Kawu ya yi iya yinsa. Ya aika Accra, ya aika Legas, ba a samu irinsa ba, sabon injin gaba ɗaya kuwa ya fi ƙarfinsa. Aka kai shi wurin masu naɗin wayar injuna suka sake naɗa masa, ya tashi ya yi kwana kaɗan ya sake ƙonewa. Bayan salla da 'yan makonni aka sallami ma'aikata, matan Fulani suka daina zuwa da ƙorai. Ina tsammanin ko mutum ɗaya zai zo ya ce min, ashe gaskiyarki. Ba don in ji daɗi ba, don dai in san ban haukace ba. Abin da ya iso kunnena daban ne. Wai bakina ne ya kama injin. Wai tun farkon wata nake ta kiran zai mutu, zai mutu, har ya mutu, mai mugun baki. A wurin suna na ji wata tana faɗa, ba ta san ina bayanta ba. Ranar na fara faɗan da aka san ni da shi yanzu, sai da aka rirriƙe ni, kallabina a ƙasa.

Maigidana bai ce bakina ne ba, bai kuma ce gaskiyata ba ce. Ya zauna a gida yana wasa da yarinya, yana gyara abin da bai lalace ba. Na roƙe shi. Ni da ban iya roƙo ba, na durƙusa na ce ya hau zemijan ko na ɗan lokaci ne, ni zan buɗe shagon gyaran firij, za mu ci mu sha. Ya ce bayansa ba zai ɗauka ba, kuma ba zai zauna mace na ciyar da shi ba. Wata safiya bayan asuba ya saɓa 'yar jaka, ya sumbaci yarinyar tana barci, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Uwar sanyi, ki yafe min." Maganar nan ta "ai na gaya maka" tana kan harshena, ta cika min baki. Na haɗiye ta, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya kira daga Agadas, muryarsa da ƙarfi. Ya sake kira sau ɗaya daga wani wuri da bai san sunansa ba, iska na kaɗa maganar, ya ce gobe za su shiga mota. Daga nan lambar ta daina shiga. Na bi duk wanda aka ce ya dawo daga can, na nuna hoto, kowa ya duba ya girgiza kai ya ce in yi ta addu'a. Ba a ce min ya mutu ba balle in yi takaba, ba a ce min yana raye ba balle in yi fushi da shi. Ina nan a tsakani. Ni ce mai gaskiya a maganar bututun nan, ko gobe aka tashe ni haka zan ce, kuma gaskiyar ba ta tsinana min komai ba.

Da shekara ta kusa zagayowa Kawu ya sayar da ƙarafan wa 'yan gwangwan. Ya tsufa a 'yan watannin nan, ya koma kara yana zama a inuwa ba ya ko ciniki. Ya aiko yana roƙo in je in zuƙe musu gilikol ɗin kafin su yanka bututun. Na je. Na shiga lungun, buhunan sun ruɓe sun manne, na riƙa ɓamɓarowa ina jefarwa. Can ƙarshen lungun, inda bututun ke shiga bango, inda sanyi ya fi ƙarfi, akwai sauran soso da bai yage ba. Na sa hannu na ja, sai na taɓo roba.

Gora ce, an cusa ta can ciki inda ba mai kaiwa sai wanda ya san wurin. Ta kumbura, abin da ke ciki ya yi baƙi. A wuyanta ga ƙyallen zanena mai ruwan ganye. Ta ranar da injin ya mutu ce. Maigidana ya sa min ita da hantsi kamar kullum, da ya dawo ya tarar da ni a ƙasa ina kuka, bai koma ya ɗauko ba.

'Yan gwangwan suna jira da zartonsu, ɗaya yana cewa, "Hajiya, mu fara?" Na buɗe murfin gorar, iska ta fita da tsaki, wari ya bugo. Wata guda mutumin nan yana dire min ita da sanyinta ina kawar da kai. Na kafa baki na kurɓa. Ɗumi, tsami, ɗaci, sai da na amayar a gindin bangon. Na goge bakina na ce musu su fara.

Na kawo ta gida na wanke da toka da ruwan zafi, ban kwance ƙyallen ba. Tana cikin firij ɗina, a ƙofa, cike da lamurje, in ya kwana biyu in zubar in dama sabo. Yarinyar ta yi wayo yanzu, ta san ba a taɓa ta, in ƙawayenta sun zo sai ta ce musu, "Wannan ta Babana ce." Jiya tun safe aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba har magariba. Da na taɓa gorar na ji ta yi ɗumi, sai na zubar, na ɗauko citta na fara daka.